Yaranmu Sun Koma Bayan Igiya: Ƙwallon Makarantu da Tsadar Makarantar Mishan

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan abin da na gani da idona a filin ƙwallon garinmu, wanda har yau bai bar raina ba. Ni manomi ne, Bahaushe kuma Kirista, jikan mutanen da ake kira Maguzawa, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sumaila. Ba zan ambaci sunan makarantun da zan yi magana a kansu ba, ko ɗarikar da take riƙe da ɗaya daga cikinsu, domin ba tonon silili ne ya kawo ni ba.

Sakandare biyu gare mu a wannan yanki: ta gwamnati ta je-ka-ka-dawo, da kuma ta ikkilisiya, wadda kowa yake kira makarantar mishan, ita kuwa ta kuɗi ce. Kowace shekara idan an gama girbi, kafin a tafi hutun Kirsimeti, makarantun biyu sukan kara a ƙwallon ƙafa, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san cewa babu wata rana da take tara mu kamar wannan. Filin ba shi da ciyawa, da toka ake ja masa layi, igiyar ɗaurin shanu ce take raba 'yan kallo da 'yan wasa. Amma dagaci yakan zo ya zauna a rumfa, liman da fasto su zauna a benci ɗaya kusa da shi, matan zumunta su iso da tulunansu na kiɗa suna waƙa a ɓangare guda, masu kalangu suna ba su amsa a ɗaya ɓangaren, masu rake da awara su yi cinikin da ba sa yi ko a ranar kasuwa. 'Yan makarantar gwamnati sukan ce wa namu na makarantar mishan 'yan hutu, namu kuma su rama, sai a yi ta zolaya har wata shekara, irin wadda take tsakanin Kanawa da Zagezagi, wadda ba ta hana a ci tuwo a kwano ɗaya. Ni kaina na fi shekara goma sha biyar ban taɓa fashin wannan wasa ba.

A bana na je filin da nauyin zuciya, domin ɗana na biyu, wanda shi ne mai tsaron gidan makarantar mishan shekara biyu a jere, ba ya cikin fili. Tun zango na biyu na bara aka sallamo shi saboda bashin kuɗin makaranta, ban kuma iya mayar da shi ba. Na hango shi a bayan raga, ya riƙe igiya da hannu biyu, yana ta yi wa sabon golan tsawa ya fito ya tare bugun kusurwa, shi kuwa wancan bai ma san ko wane ne yake masa magana ba. Na ƙirga yaran ƙauyenmu biyar a tsaye kusa da shi, dukansu bara suna sanye da rigar makaranta, dukansu kuma abu ɗaya ne ya fitar da su. A cikin fili kuwa akwai fuskoki da yawa waɗanda babu wanda ya san iyayensu a yankin nan. Daga baya muka ji cewa daga birni aka kawo su, aka ba su gurbin karatu kyauta saboda sun iya ƙwallo.

Maƙwabcina Musulmi, wanda gonarmu take iyaka da juna, kuma ɗansa ne ɗan wasan gaba na makarantar gwamnati, ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam, ina yaron namu? Ai nawa da shi ya yi shiri, duk makon nan maganarsa yake yi.” Ban sami abin da zan ce masa ba, sai na nuna masa bayan raga da haɓa. Bayan hutun rabin lokaci, da baƙin nan suka jefa ƙwallo ta uku, sai aka fara ihun “'yan haya ne, 'yan haya ne,” wani ya yi jifa, alƙalin wasa ya busa usur tun lokaci bai cika ba, dagaci ya tashi bai miƙa kofi ba. A wannan yammaci na ji maganganun da ban taɓa ji a wannan fili ba, irin waɗanda suke sako addini a ciki, kuma daga ɓangarorin biyu suka fito. Ruwa ba ya tsami banza. Muddin ɗan gidan wane ne yake kara da ɗan gidan wane, zolaya ce. Amma da aka cire yaran gari aka sa baƙi, babu sauran zumuncin da zai riƙe bakin mutane.

Ba na zargin malaman makarantar mishan da son kuɗi, domin na san abin da suke karɓa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma makarantar ba ta da wata hanyar samu sai aljihun iyaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, daga alli har kuɗin motar malamin da yake zuwa daga nesa, dole kuɗin zango ya bi sahu. Sai dai mu iyayen ba albashi muke ɗauka ba. Da buhu muke lissafi. Mun sayi taki da tsada, mun biya 'yan ƙwadago da tsada, da kaka ta zo kuma farashin masara ya faɗi, har abin da a da nakan biya wa yaro ɗaya da buhu biyu ya koma sai na fitar da ninkinsa daga rumbu, ban da yunifom da littattafai da kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da ke jiran mai ajin ƙarshe. Zangon farko kuma yana kamawa ne a watan Satumba, lokacin da rumbun manomi ya yi ƙasa, sabon amfani kuma bai iso gida ba. Yara uku gare ni a makarantar. Na zauna da mahaifiyarsu muka yi ta juya maganar dare biyu, a ƙarshe muka bar 'yar da take ajin ƙarshe da ƙaramin, muka cire na tsakiya. Babu uban da ya kamata a ce ya zauna yana zaɓe tsakanin 'ya'yansa kamar mai ware iri.

Na san mai karatu zai ce, to me ya hana ka kai shi makarantar gwamnati, tun da ga ta a kusa? Tambaya ce mai kyau, kuma nan ne maganata take komawa kan hukuma. Tun da malamin da yake koyar da darasin addinin Kirista a can ya yi ritaya, ba a turo wani ba. Gaskiya ce, babu wanda yake tilasta wa yaranmu zama a darasin da ba na addininsu ba, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a yi hakan. Amma idan lokacin darasin addini ya yi, ɗan Kirista yakan fita ya zauna a gindin dalbejiya har a gama, sa'an nan idan jarrabawa ta zo ya rasa darasi guda da 'yan'uwansa suke cin maki a irinsa. Wannan ne ya sa iyaye da yawa suke ganin ba su da zaɓi sai makarantar kuɗi, ko da za su sayar da akuyar ƙarshe. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma mun yi murna da hakan. Roƙona shi ne, idan ana rabon malamai, a tuna da ƙauyukan da suke da Hausawa Kiristoci a tura musu ko da malami ɗaya ne, wanda zai riƙa zagaya makarantu biyu ko uku da babur. Akwai 'ya'yanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE a wannan fanni suna zaune a gida. Da akwai irin wannan malami, da gobe da safe zan kai ɗana da kaina, ya tsare wa makarantar gwamnati gida, ni kuma in koma ɓangaren masu kalangu ba tare da jin kunya ba.

Amma babbar maganata tana ga shugabanninmu na ikkilisiya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mahaifina a ajin mishan ya koyi karatu, a ƙarƙashin rumfar kara, bai biya ko anini ba, kuma da wannan karatun ya riƙa karanta wa mutanen ƙauye wasiƙunsu, Musulmi da Kirista. Mishan da suka shigo ƙasar Kano ta wurin marasa galihu suka fara, kamar yadda ƙungiyar mishan ta SIM ta yi da masu cutar kuturta a Yadakunya da kuma asibitin ido na Kano. Makarantar da muke magana a kanta ma, mu muka buga tubalinta, matanmu suka ɗebo ruwan gini a ka, kowace kaka kuma muna kawo baikon godiya dami-dami. Yaya za a yi a sami gurbin kyauta domin baƙon da ya iya buga ƙwallo, a rasa shi domin ɗan gwauruwar da ta ɗebi ruwan ginin ajin? Na ji hujjar da ake bayarwa, wai cin kofi yana ɗaga sunan makaranta, masu hali daga gari su kawo 'ya'yansu, kuɗinsu ya riƙe sauran. To, ga shi kofin bai shigo hannu ba, sunan kuma an ji abin da aka kira shi a fili.

Idan akwai guraben kyauta, dattawan ikkilisiya sun san gidan kowa, sun san wanda rumbunsa ya ƙone da wanda maigida ya rasu, sai a raba su bisa bukata, a kuma karanta sunayen a gaban jama'a bayan sujada. A ba manomi dama ya biya da hatsi idan kaka ta yi, makaranta ta ajiye ta sayar lokacin da farashi ya ɗaga, maimakon a koro yaro a watan Satumba alhali masarar ubansa tana tsaye a gona. A ware wani kaso na baikon kaka domin yaran da suka makale a tsakiyar karatu. Su kuma shugabannin makarantun biyu su zauna gaban dagaci su yi yarjejeniya cewa babu yaron da zai shiga fili sai sunansa ya cika shekara a rajistar aji, a kuma yi musayar sunaye mako biyu kafin wasa, yadda kowane ɓangare zai tantance na ɗan'uwansa. Yaranmu duka Kano Pillars suke so, duka suna mafarkin zama Ahmed Musa ko Rabi'u Ali, kuma ba mu hana baƙo karatu a wurinmu ba. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauko shi ranar wasa a ajiye ɗan gida.

Ɗana yanzu yana Dawanau yana dakon buhuna wajen wani ɗan'uwan mahaifiyarsa. Ranar da zai tafi ya ba ƙaninsa safar hannunsa ta gola, wadda ya ɗinke yatsunta da zaren buhu, ya ce ya ajiye masa kada ɓera ya ci. Na ware buhu biyu na waken suya ban sayar ba, kuma na kai wannan magana gaban dattawanmu a rubuce, sun ce za a zauna a kanta kafin a koma zango na biyu a watan Janairu. Ina roƙon duk fasto da shugaban makaranta da jami'in ilimi da wannan wasiƙa ta isa hannunsa ya duba rajistar bara da ta bana, ya ga sunayen da suka ɓace, ya aika a tambayi inda yaran suke.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani uba manomi,
Ƙaramar Hukumar Sumaila, Jihar Kano.