Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Gwada Kayan Yaƙi A Ƙasarmu Kafin A Biya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa, roƙo ɗaya na zo da shi: a kafa cibiyar gwada kayan yaƙi a yanayin ƙasarmu, kuma kada a cika wa ɗan kwangila kuɗinsa sai kayansa sun ga damina sun ga bazara a hannun sojojinmu.

Amurka da ke ƙera makamanta da kanta ma ba ta dogara da gwajin masana'anta kaɗai. A 1962 ta kafa cibiyar gwaji a dazukan Panama, inda aka riƙa barin kaya cikin ruwa da laima a ga abin da tsatsa da fumfuna za su yi masu. Duk da haka ta sha wuya a Biyetnam. Bindigar M16 ta riƙa cijewa ana tsakiyar musayar wuta, kwanson harsashi ya maƙale a ciki, domin an sauya albarushinta, tsatsa na cin cikinta, ga shi ba a raba wa sojoji isassun kayan goge ta ba. Sai da aka yi asarar rayuka, majalisar dokokinsu ta kafa kwamitin bincike a 1967, sannan aka gyara. Birtaniya ma a atisayen da ta yi a Oman a 2001, ƙura ta toshe matatar iskar tankokinta Challenger 2.

To mu fa, ranka ya daɗe? Duk matsalolin nan muna da su a ƙasa ɗaya: laimar Neja Dalta mai gishiri, taɓon Sambisa da damina, fadamun Tafkin Chadi, ƙurar hunturu, da zafin Maiduguri da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Batirin oba-oba yakan mutu da wuri a irin wannan zafi, gilashin hangen dare ya yi hazo, mota mai sulke ta kafe a laka saboda nauyinta. Yaron da ke cikin motar nan ɗan wani ne, kuma bai kamata ranar kwanton ɓauna ta zama ranar da za a fara sanin ƙarfinta ba.

Ba daga tushe za a fara ba. DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, na Kaduna tun 1964, an kuma sabunta dokarta a 2023. Mota mai sulke ta Ezugwu, ƙirar gida, da aka ƙaddamar a 2019 ta nuna muna iya ƙira. Kayan gida da na waje duk a bi da su ta gwaji iri ɗaya, ba sani ba sabo.

Idan an zo rubuta rahoton gwajin, don Allah a saurari kofur da saje da makanikan bataliya, su da ke kwance injin nan da hannunsu. A kuma miƙa sakamakon ga kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya kafin a sa hannu a kan kowace sabuwar kwangila.

Na gode, ranka ya daɗe.

Wani ɗan ƙasa, daga Kaduna