Lissafin da ya ɗaga Compromís a Balensiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu karatu su dubi gamayyar Compromís ta yankin Balensiya a Sifaniya, domin tashinta ya rataya ne a kan dokar zaɓe. A can, jam'iyya ba ta samun kujera a majalisar yanki sai ta ci kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Ƙananan jam'iyyu kuwa in sun tsaya su kaɗai, ƙuri'unsu kan tashi a banza. Shi ya sa a 2010 masu kishin yanki na Bloc, 'yan ra'ayin sauyi na Iniciativa da masu kare muhalli suka dunƙule.

A 2011 sun ci kujeru 6 cikin 99. A 2015, da jama'a suka gaji da badaƙalar cin hanci a jam'iyyar PP ta masu ra'ayin riƙau da ke mulki a lokacin, Compromís ta kai 19. Joan Ribó na Compromís, wanda ya je ofis a kan keke, ya karɓi kujerar magajin garin Balensiya daga Rita Barberá ta PP bayan shekara 24 tana kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓen 2023. Compromís ta riƙe kujeru 15, amma jam'iyyar Podem, abokiyar mulkinta a gwamnatin yankin da ta tsaya daban, ta gaza kai kashi 5 ɗin nan. Kujerun Podem 8 suka salwanta gaba ɗaya, PP da jam'iyyar Vox ta masu tsattsauran ra'ayin riƙau suka kafa gwamnati.

Wassalam.