Wasiƙa zuwa Kumasi: kada ka zuba wa bayan gidanka siminti

Zariya,
ƙarshen damina.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da sauran 'yan uwa na Zango. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya fara ɗaukewa, an karye masara, dawa ta fid da kai.

Saƙonka ya same ni, na kuma ga hoton ɗan filin da ya rage a bayan gidanka, wanda ka ce za ka sa a zuba masa siminti ka huta da ciyawa da sauro. Don girman Allah ka dakata tukuna. Wannan magana ce ta sa na zauna na ɗauki biro, don saƙon murya ba zai ɗauke ta ba.

Ka tuna kangon da ke bayan ɗakina, inda ake zubar da toka da fasassun kwanuka? Tsawonsa taku 9 ne, faɗinsa taku 6, bai kai naka ba ma. Damina 3 ke nan da na fara taɓa shi. Yau da safe uwargida ta shiga da ƙwarya wayam, ta fito da ita cike da ganyen zogale da yakuwa, ga kuɓewa ɗanya, ga lemun tsami 4 a bakin zaninta, ƙaramar 'yarmu na biye da ita rungume da gwanda kamar ta ɗauko jariri. Kayan miyan rana ke nan, ba a je kasuwa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, sai ka faɗo mini a rai.

Abin da na yi ya bambanta da lambun da muka taso muka gani, inda ake yin kunya-kunya, a shuka, a cire, ƙasa ta zauna tsirara har wata shekara. Kurmi na kwaikwaya. Je ka bakin rafi ka duba: ba mai yi wa kurmi noma, ba mai kai masa taki, amma kullum a cike yake. Dogayen itatuwa a sama, matsakaita a ƙarƙashinsu, sai ƙananan tsirrai, sai masu yaɗo a ƙasa, sai masu hawa, sai masu saiwa a cikin ƙasa, ganyen da ya zubo kuma shi ne abincin kowa. To, ka ɗauki wannan tsari ka cika kowane hawa da abin da ake ci. Wani Bature a Ingila mai suna Robert Hart ya lissafa hawa 7 har abin ya yi suna a wurinsu, amma kai da kake ƙasar Asante ba ka buƙatar littafi. Fita gonakin koko ka gani: manyan itatuwa sun yi rumfa, koko a inuwarsu, ayaba a gefe, gwaza a ƙasa. Wannan ɗin ne, a ƙanƙance.

Kafin na haƙa rami ko ɗaya, kusan wata guda na yi ina lura da wurin. Ina rana take faɗawa da hantsi, ina take dukan ƙasa da la'asar, ina ruwan indararo yake zuba, ina yake kwanciya. A nan wajenmu ranar yamma ta bazara ita ce mai kisa, don haka dogayen itatuwa na jera su ta yamma su tare ta, gabas kuma na bar shi a buɗe don ƙananan shuke-shuke su sha ranar safe.

Ƙasar wurin kamar dutse take, fartanya tsalle take yi a kanta. Ban juya ta duka ba. Tassa na yi, irin ta manoman Tawa a Nijar, wadda wani manomi, Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, ya farfaɗo da ita har ya mai da faƙo daji: a haƙa rami, a tara ƙasar a gefen da ruwa ke gangarawa, a zuba ruɓaɓɓen taki a ciki, a jira ruwan sama. Tsakanin ramukan na shimfiɗa kara da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye, kauri kamar tafin hannu. Ba a yi mako 2 ba gara ta shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar sayo magani. Wani dattijo manomi a unguwarmu ya hana ni. Ya durƙusa ya ɗaga karan, ya nuna mini 'yan ƙofofin da ta huda a ƙasa, ya ce ta nan ruwa zai bi ya shiga, in dai ka ba ta busasshen abu ta ci, ba ta cika damun ɗanye ba. Abin da ya ce in kiyaye shi ne kada shimfiɗar ta taɓa jikin dashe, a bar tazara, a zagaye gindin da toka. Haka na yi. Yanzu da yatsa nake tona wurin, ƙasar ta yi baƙi, har tsutsar ƙasa, wato tana, ta samu gida.

Bari in faɗa maka kuskurena don kada ka maimaita. Mangwaro na fara dasawa, kusa da katanga, saboda son da nake masa. Wanda ya sayar mini ya ce mai aure ne, ba zai yi girma ba, ashe ba haka ba ne. A shekara ta 2 na ga inda ya dosa: zai rufe filin duka da inuwa mai duhu, saiwarsa kuma ta nufi ginin. Da hannuna na sare shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. A ƙaramin fili, girman da itace zai yi nan da shekara 10 shi za ka auna, ka manta da yadda yake a leda.

Yanzu hawan sama nawa zogale ne guda 3 da gwanda 2. Zogale ba ya wahalar da kowa, ko reshe ka kafa zai kama, sai dai in ka ƙyale shi zai miƙe kamar gora ganyen ya fi ƙarfin hannu. Da ya kai ƙirjina nake datse kansa, sai ya yi rassa, inuwarsa kuma mai tsefe ce, rana na ratsawa. Gwanda kuwa akwai mace akwai namiji, ba ka ganewa sai ta yi fure, shi ya sa ake shuka 3 a rami ɗaya, daga baya a bar mai 'ya'ya. Cikin shekara guda muka fara sha. A ƙarƙashinsu akwai gwaba ɗaya da lemun tsami ɗaya, ina rage musu kai duk bayan sun gama 'ya'ya. Tsakaninsu na sa waken Turawa, wanda ni a ganina shi ne bawan wannan wuri: saiwarsa na fasa ƙasa mai tauri, yana ƙara mata ƙarfi kamar sauran dangin wake, a ci 'ya'yansa, a sare rassansa a shimfiɗa a gindin gwaba. Sai shuwaka a jikin katanga, yakuwa da rama da kuɓewa a gefen gabas, ɗoɗɗoya da na'ana'a kusa da ƙofa. Dankali ya rufe ƙasa da yaɗonsa, kabewa ta haye rufin ɗakin kaji, citta kuma tana can cikin inuwar gwaba inda ba abin da ya yarda ya fito a da.

Akwai abu biyu da za su ba ka mamaki. Na farko kuka. Na jiƙa 'ya'yanta a ruwan zafi suka kwana, na shuka su kusa-kusa a layi kamar alayyafo, ina yanke kansu kada su wuce gwiwa. Ɗanyen ganyen kuka muke miya da shi, ba mu jira shekara 20 ba. Na biyu, wani kututturen magarya da na tarar a kusurwa yana tofo. Na so tumɓuke shi, sai na tuna sassabin zamani na mutanen Maraɗi, wanda wani Bature masanin noma mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a 1983: a zaɓi tofo mafi ƙarfi a bari, a cire sauran. Na bar 2. Yau sun wuce katanga, ƙayarsu kuma ta toshe inda awaki ke tsallakowa.

Ruwa shi ne damuwarmu daga Nuwamba zuwa Mayu. Wurin alwalata na mayar bakin wani rami da na cika da kara, na dasa ayaba a gefensa. Sau 5 a yini tana samun rabonta. A gindin lemun tsami da gwaba kuma na binne tulu irin na ƙasa wanda ba a shafe ba, bakinsa kawai a waje, da murfi saboda sauro. Ina cika shi duk bayan kwana 3 ko 4, yana tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take. Ruwan wanki mai omo da yawa ba na kai shi wurin.

Kai naka lissafin daban ne, tunda ruwa sau biyu yake zo muku a shekara. Yawansa ne zai dame ka. Inda na haƙa rami, kai tudu za ka tara, musamman don gwanda da zogale, domin in ruwa ya kwanta a gindinsu saiwar ruɓewa take yi. Ka fara da yi wa ruwan hanya, nan ne ma maganin sauron da kake kuka da shi. Agada da gwaza da citta za su yi maka fiye da yadda suke yi mini, ga ganyen gwazan da kuke miyar kontomire da shi. Sai dai adda ba za ta huta a hannunka ba, don komai a wajenku da gudu yake girma, in ka yi sakaci wata 2 inuwa za ta cinye na ƙasa. Kada ka cika wurin a damina ɗaya. Itace 2 ko 3 da waken Turawa da dankali sun isa shekarar farko, sauran ka riƙa cusawa kana ganin inda haske ya rage.

Na ƙulla maka irin zogale da na yakuwa da na waken Turawa, duk daga bayan ɗakin nan, zan ba direban da ke kawo goro in ya tashi komawa. Ka auna mini filin da taku, ka faɗa mini ta ina rana ke fito masa, sai in zana maka yadda nake ganin za a jera su.

Uwargida tana gaida mai ɗakinka, yara suna gaida babansu na Kumasi. Ka gaishe mini da liman da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini na Zariya.