Kafin ku kama wa yaro haya a bakin tekun Brighton

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin iyayen da ke turo 'ya'yansu karatu Brighton, a kudancin Ingila, suna zaɓar musu masauki daga hotunan intanet.

Ina haya a ɗaya daga cikin dogayen gidajen nan masu launin madara na dandalin Brunswick Square da ke Hove, garin da ke manne da Brighton, waɗanda aka fara ginawa a shekarun 1820 don masu hannu da shuni. A da iyali ɗaya ne da barorinsu ke zaune a gida guda. Yanzu an yayyanka su, kowane hawa da mai hayarsa. Ni hawan farko na samu, tsohon falon baƙi. Silin ya yi nisan da sai an taka tsani kafin a canja ƙwan lantarki, an zagaye gefensa da adon filasta, tagogi tun daga ƙasa har kusan sama, ga ɗan baranda na ƙarfe. In ka leƙa, ga teku can. Kyau kam, ba a magana.

Sai dai ɗumin hita sama yake hayewa, ya bar ka a ƙasa kana rawar ɗari. Tagogin na katako ne, gilashi falle ɗaya, iskar hunturu ta kwana tana kaɗa su. Ko mai gidan bai isa ya sauya su ba sai da izinin hukuma, domin gidajen suna cikin rajistar gine-ginen tarihi. Bango kuwa yana shan danshi sosai. Funfuna ta ɓata min babbar riga a cikin kabad, wadda nake ajiyewa don Sallah. Kicin daga kusurwar falo aka tsaga shi, in na soya albasa labule ma sai ya ɗauka.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda madafa da barori suke a da. Ɗakin ne mai rangwame, shi ɗalibai ke faɗawa, tagarsa kuwa ƙafafun masu wucewa kawai take kallo.

Doka ta wajabta a sake fentin gaban gidajen dandalin duk bayan shekara 5, shi ya sa suke fes a hoto. Don Allah kafin a tura kuɗi a sa wani ya shiga da ƙafarsa, ya ja kabad ya duba bayansa, ya kuma tambayi mai haya na yanzu nawa ya biya na gas a watan Janairu.

Naka,
Wani mai karatu daga Hove, Ingila