Na ga mai kaɗi a jikin dutse

Aminina Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Hajiya, ya yara? Ni dai sanyin Southampton ya sa ni gaba, amma alhamdulillahi.

Ka sha yi min tsiya cewa tun da na zo Ingila daga ɗaki sai laburare. To, ranar Asabar na fita. Wani Bature abokin karatuna ya ja ni wani ƙauye da ake kira East Meon, nan cikin Hampshire, wai lallai sai na ga kwamin baftisma na tsohuwar cocinsu. Na ce a raina, duk wannan tafiya saboda kwami?

Dutse ne baƙi ƙirin mai kusurwa huɗu, an rarake tsakiyarsa kamar turmi, yana zaune kan ƙafa mai kauri da ƙanana huɗu kewaye da ita. A cikinsa ake yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. Tun ƙarni na 12 aka sassaƙa shi a Tournai, cikin Beljiyam ta yau, aka ɗoro shi a jirgin ruwa. Irinsa bakwai suka rage a Ingila, huɗu a Hampshire. Ana danganta zuwansu da Henry na Blois, ƙanin Sarki Stephen na Ingila, wanda ya riƙe kujerar bishop, wato babban limamin coci, na Winchester daga 1129 zuwa 1171. Mai kuɗi ne na gaske, ga son kayan ƙawa.

A gefe biyu an sassaƙa kissar Adamu da Hauwa'u yadda take a wurin Kiristoci: halitta, maciji, ɗan itacen, sai mala'ika riƙe da takobi yana fitar da su. Ka san mu ba ma zana annabawa, don haka da farko na ɗan ja baya. Amma ƙarshen zanen ya riƙe ni. Ga mala'ika yana nuna wa Adamu yadda ake haƙa ƙasa da shebur, ga Hauwa'u a gefe tana kaɗi.

Lawal, kaɗi fa! Nan take Inna ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. Ka tuna yadda take zama bakin ƙofar ɗakinta bayan la'asar, taskira a gabanta, ta dangwali alli, ta murza mazari yana juyi, mu kuma muna sace mata auduga? Da ganin hannun matar nan ka san mai sassaƙar ya sha zama kusa da mai kaɗi. Na yi tsaye har abokina ya tambaye ni ko lafiya.

A hanyar dawowa muka biya wata coci, ya nuna min wasu 'yan ramuka a bakin nasu kwamin. Ashe gurbin ƙarfen kwaɗo ne. A da ana tsarkake ruwan lokacin bukukuwansu na Ista da Fentikos, a bar shi ciki wata da watanni, mutane kuwa su riƙa sata suna haɗa asiri da magani. Har sai da Edmund, babban bishop na Canterbury, ya ba da umarni a 1236 a riƙa rufewa ana kullewa. Na yi dariya har da ƙwalla. Turawan da suka zo suna ce mana masu camfi!

Don Allah ka tambayar min Hajiya ko mazarin Inna na nan cikin tsohuwar adakar. In yana nan, ɗauko min hotonsa, na yi wa Baturen alkawari zan nuna masa. Kada a bar yara su yi wasa da shi.

Ka gaida Malam da mutanen majalisa.

Naka,
Auwalu