Wutar Sola Ta Zo Jos, Amma Ta Tsaya a Gidajen Masu Hali

Assalamu alaikum, ya Edita. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan gyaran harkar wutar lantarki da ake ta yayatawa, musamman batun komawa ga hasken rana da ƙarfin ruwa. Ni mai walda ne a Jos, da wuta nake ci nake ciyar da iyalina da yaran shagona, don haka maganar ta shafe ni kai tsaye.

Gyaran nan ba yau aka fara shi ba. Dokar 2005 ce ta rusa NEPA, aka koma PHCN, sannan a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa wa 'yan kasuwa mafi yawan kamfanonin rarraba wuta da na samar da ita, gwamnati ta riƙe manyan layukan dakon wutar. Duk da haka, abin da ƙasar nan ke rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma mafi yawansa daga iskar gas ne da ke can Kudu. Mu da muke ƙarshen layi mun san ma'anar hakan. A watan Oktoba na 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, sannan wanda ya biyo ta Makurdi shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa sun kwashe kwanaki a cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli sun tafka asarar da har yau wasu ba su farfaɗo ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dama ta samu, kuma ina tsoron kada mu yi sake. Gyaran tsarin mulkin da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, da Dokar Wutar Lantarki da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, sun ba jihohi ikon samar da wutarsu, su raba ta, su kafa hukumar da za ta sa ido a kai. Enugu da Ondo da Ekiti ne suka fara karɓar wannan iko, Filato ma ta bi sahu. To, me za mu yi da shi?

Filato ba baƙuwa ba ce a harkar wutar da ba ta buƙatar mai ko gas. Tun 1929 kamfanin NESCO ke ba da wuta daga ruwan Kurra, saboda ma'aikatun haƙar kuza na wancan zamani, kusan shekara arba'in kafin a kammala madatsar Kainji a 1968. Duk wanda ya zauna a Bukuru ko Barikin Ladi ya san darajar da wutar nan take da ita a bakin dattawa. Allah ya hore mana tudu da gangara da ƙoramu. Ga kuma wani abu da duk mai aiki da sola a garin nan zai shaida: a watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe Jos rana ta yi wuyar gani, a lokacin ne ruwa ya fi ƙarfi a madatsa, da rani kuwa, ruwa ya ja baya, rana ta buɗe. Idan aka haɗa biyun, kowanne zai rufe wa ɗan'uwansa asiri. Ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran madatsar Mambila ta jihar Taraba ba, aikin megawat 3,050 da tun muna yara muke jin labarinsa, alhali ƙananan madatsu na nan kusa da mu, ana iya gyara tsofaffi a ƙara sababbi.

Yanzu dai yadda solar ke shigowa ne ya dame ni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai hali ya ajiye janareto ya jera farantan sola a kan rufinsa. Da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan sa'o'i a rana, zuwa Naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wasu ma sun yanke hulɗa da layin gaba ɗaya. Ba laifi suka yi ba, kowa gyaran gidansa yake yi. Sai dai idan masu biya da kauri suka fice, waye zai ɗauki nauyin waya da taransifoma? Talaka ne, wanda ba shi da mita, ana kawo masa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, kuma in taransifomar unguwa ta ƙone, shi ne za a bi gida gida a karɓi karo-karonsa.

Sannan ƙaramin sola na gida ba ya ɗaukar sana'a. Zai kunna ƙwai da fanka, ya yi cajin waya, amma da na ɗora sandar walda a kan ƙarfe, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, za ta yi ƙara ta ɗauke. Haka mai injin niƙa, haka masu yankan katako a Katako. Wani maƙwabcina tela ya sayar da ragonsa ya sayi faranti biyu da batir, ashe batirin tsoho ne aka wanke aka liƙa masa sabuwar takarda. Bai kai damina ta gaba ba ya daina riƙe caji, wanda ya sayar masa kuma ya ce ai ba a goge ƙurar hunturu a kan farantin ba ne. Ba shi da inda zai kai ƙara. Irin wannan ha'inci yana sa mutane su yanke ƙauna daga abin da asalinsa mai kyau ne.

Abin da muke buƙata shi ne tashar sola ta haɗaka, babba, a kasuwanni da wuraren sana'a, kowane shago da mitarsa, ya biya daidai abin da ya sha. An gwada haka a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a ƙarƙashin hukumar samar da wuta a karkara, wato REA. Me zai hana a yi a kasuwanninmu na Jos, irin su Dilimi da Katako da Taminus? A Farin Gada kuwa, inda tumatir da kabeji da karas ke ruɓewa a gaban mai su idan motocin Kudu suka yi jinkiri, ɗakin sanyi mai aiki da sola zai ceci dukiya mai yawa. Kuɗin ma akwai inda za a nema: a ƙarshen 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ƙananan tashoshi a Nijeriya. Jihar da ta shirya takardunta ta je da tsari ita za ta amfana.

Ina kira ga Gwamna Caleb Mutfwang da 'yan majalisar dokokin jiha da su zauna da ƙungiyoyin masu sana'a kafin a raba kwangila, domin mu muka san ƙarfin wutar da injinanmu ke ja da lokacin da muke aiki. A kafa ƙa'ida kan ingancin batir da faranti, mai sayarwa ya ba da garanti a rubuce. A kuma horar da matasanmu haɗawa da gyarawa, kada a kafa tasha yau, gobe ta tsaya ana jiran injiniya daga Legas. Ku kuma 'yan jarida, don Allah ku aiko wakilinku ya zaga Dilimi da Katako da rana tsaka, ya tambayi masu shaguna nawa suke kashewa a mai da dizal kowane mako, ku buga amsar kowa ya gani.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai walda,
Dilimi, Jos.