Rahoton Shekara na Kwamitin Ilimi da Inganci ga Membobin Ƙungiyar Masu Madara

Assalamu alaikum. Babban aikin kwamiti a bana shi ne karatun tarihin masana'antar man shanu ta Hjedding, wani ƙauye a yammacin ƙasar Denmak, da gwada dokokinta a wajenmu.

A 1882 manoman ƙauyen suka ci bashi da sunansu gaba ɗaya, suka sayi injin raba madara da mai. Dokokinsu kaɗan ne amma masu tsauri. Kowa zai kawo duk madararsa in ban da ta shan gida, a biya shi gwargwadon abin da ya kawo. Madarar da aka cire wa mai ana mayar musu don dabbobinsu. Man kuwa Ingila ake kai shi. Kafin 1900 irin wannan masana'anta ta haura 1,000 a ƙasar. A ganinmu dokar kawo duka ce ta riƙe su, domin inji ba ya biyan bashinsa da madarar da aka karkatar kasuwa.

Wannan ce dokar da ta fi ba mu wuya, musamman da rani lokacin da farashin nono ya tashi.

Ta fuskar inganci, an koya wa masu karɓa awon madara da ma'aunin kaurinta: tsantsa tana nuna 1.028 zuwa 1.032, in ta faɗi ƙasa da haka an yi mata ruwa. Kilo ɗaya na mai yakan ci kimanin lita 20, don haka algus kaɗan asara ce ga kowa. Matsalar da ta fi yawa ita ce kaɗawa a lokacin zafi. Man yakan fito ruwa-ruwa, wani ya bi tsala. Maganinta a sanyaya afarari zuwa digiri 10 ko 12, a kaɗa da asuba, kada a cika tukunyar fiye da rabi. Bayan nan a wanke curin da ruwan sanyi har sai ruwan ya fita garau, don ragowar tsala ce ke sa shi wari cikin 'yan kwanaki. Wanda ba a sayar ba a soya shi.

Batun biya bisa yawan mai a madara, maimakon lita, yana gaban babban taro.